Ƙera Takobin Kakanni: Wasa Ne Ko Ilmi?

A ƙasashen arewacin Turai, kamar su Ingila da Jamus da Denmak, akwai wasu mutane masu wata al'ada wadda in mutum ya fara jin labarinta sai dariya ta kama shi. Magidanta ne da iyalinsu da aikinsu, wani likita, wani direba, wani malamin makaranta. Amma da ranar hutu ta zo sai su tuɓe kwat da wando, su sa tufafin ulu irin na kakanninsu na shekara 1,500 da suka wuce, su rataya takobi, su ɗauki garkuwa da mashi, su fita fili suna nuna wa 'yan kallo yadda aka yi zama da yadda aka yi yaƙi a wancan zamani. A bayansu kuma akwai maƙera da masassaƙa da dukawa, waɗanda ke ƙera musu takubban su ɗinka musu kube, suna fama su yi kome daidai da na da. Mutane da yawa suna cewa wannan wasan yara ne da ɓarnar dukiya. Ni dai a nawa ɗan ra'ayi, maƙerin da ya tsaya ya yi wannan aiki bisa gaskiya malamin tarihi ne, ko da kuwa bai taɓa riƙe alli ba. Ga dalilaina, mai karatu ya auna ya gani.

Da farko ya kamata mu san su wane ne masu waɗannan takubba. Ƙabilu ne da yawa masu harsuna dangin juna, waɗanda suka zauna arewa da daular Rumawa, aka haɗa su ana ce musu Jamusawan da. A cikinsu akwai Got da Farank da Sakson da Angil. Daga ƙarni na 4 zuwa na 6 na Miladiyya suka yi ta ƙaura suna kafa sarautu, har ƙasar Faransa ta samo sunanta daga Farank, Ingila kuma daga Angil. Wani marubucin Rumawa mai suna Tasitus, wanda ya rubuta labarinsu wajen shekarar 98, ya ce kaɗan ne daga cikinsu ke da takobi, yawancinsu da mashi suke yaƙi. Watau takobi kayan sarakuna ne da manyan barade, ana gadonsa, ana kyauta da shi don a ɗaure amana, wani har suna akan raɗa masa. Takobin miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, tsawonsa wajen santimita 90, nauyinsa kuwa bai fi kusan kilo 1 ba, da hannu ɗaya ake riƙe shi.

To, me ya rage mana na waɗannan takubba a yau? Amsa ita ce tsatsa. A wata fadama da ake kira Nydam a ƙasar Denmak, wani masani mai suna Conrad Engelhardt ya yi tono daga 1859 zuwa 1863, ya fito da wani jirgin ruwa na katako da takubba wajen ɗari. A wani kwari kuma mai suna Illerup, a wannan ƙasa dai, an fara samun kaya a 1950, aka yi ta tono har aka tara abubuwa fiye da 15,000, mafi yawansu na wajen shekarar 200. Makaman abokan gaba ne da aka ci da yaƙi, aka lanƙwashe su, aka kakkarya su da gangan, aka zuba cikin tafki don sadaukarwa ga abin da mutanen ke bauta wa. A Ingila kuwa, a wani wuri da ake kira Sutton Hoo, an tone kabarin wani babban sarki a 1939, wanda aka binne cikin jirgin ruwa mai tsawon mita 27 a farkon ƙarni na 7. An sami takobinsa da adon zinariya, amma tsatsa ta riga ta manne shi da kubensa, ba dama a zare shi har abada. Wanda ya je gidan ajiye kayan tarihi ya tsaya gaban gilashi, abin da zai gani wani baƙin sanda ne kamar ƙonannen itace. In ka ce masa wannan shi ne abin da sarki ke alfahari da shi, sai ya ɗauka wasa kake yi.

A nan ne amfanin maƙeri na farko ya fito. Maƙeran wancan zamani ba su da babbar ma'aikata mai narka ƙarfe ya zama ruwa. Tama suke tonowa, sau da yawa daga fadama, su gasa ta da gawayi a ƙaramin murhu, su sami ɗan curin ƙarfe mai datti, wani mai tauri, wani mai laushi. Sai suka yi dabara. Sukan jera siraran ƙarafa iri dabam-dabam, su zuga wuta har su yi fari, su buge su su zama sanda ɗaya. Sannan su murɗa sandar kamar mai tufka igiya. Sai su jera irin waɗannan sanduna biyu ko uku ko fiye, wata an murɗa ta dama, wata hagu, su sake haɗe su da wuta da masaɓa, su kewaye su da ƙarfe mai tauri wanda zai zama kaifi. In an goge an wanke, sai wani zane ya bayyana a tsakiyar takobin, kamar kitso ko sawun maciji a kan rairayi. Daga baya, wajen ƙarni na 10, da aka sami ƙarfe mai kyau da yawa, sai aka daina yin takubba ta wannan hanya. Maƙeran kuwa ba su bar littafi ba, ilminsu a hannunsu yake, da suka mutu aka binne su da shi.

Masana sun daɗe suna gardama a kan yadda aka yi zanen nan. A farkon ƙarni na 6 sarkin Got na ƙasar Italiya, Tiyodorik, ya sa an rubuta wasiƙar godiya ga wani sarki na arewa da ya aiko masa da takubba, a ciki yana yaba ƙyallinsu da wani zane mai kama da ƙananan tsutsotsi a tsakiyarsu. An karanta wasiƙar shekaru aru-aru, amma karatu bai nuna wa kowa yadda ake yin abin ba. A 1948 wani masanin ƙarfe Bature, Herbert Maryon, ya yi nazarin irin wannan ƙira ya raɗa mata suna. Bayansa wani mai suna John Anstee ya ce shi sai ya gwada. Ya hura wuta, ya murɗa ƙarfe, ya buga, ya goge, har zanen ya fito a hannunsa, aka buga sakamakon aikin a 1961. A wurin gwajin ne aka gane cewa sanda ɗaya tana iya ba da zane iri-iri, gwargwadon zurfin da aka goge ta. Haka kuma da aka ɗauki hoton takobin Sutton Hoo da na'urar nan ta asibiti mai nuna ƙashi, aka ga yadda sandunan ke kwance a cikin tsatsa, sai wani maƙeri ɗan Amurka, Scott Lankton, ya ƙera irinsa a 1989 don babban gidan kayan tarihi na Landan. Ran nan ne mutane suka ga abin da sarkin da kansa ya gani. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce gani ya kori ji.

Dalili na biyu shi ne kube, wanda ni a ganina ya fi takobin wuyar kwaikwayo, ko da yake 'yan kallo ba su cika kula da shi ba. Ƙarfe yakan bar tsatsa, amma itace da fata da gashi ƙasa takan cinye su sarai. Abin da masana suka gano daga ɗan ɓurɓushin da ya maƙale a jikin tsatsa shi ne, ana fafe siraran katako biyu marasa nauyi daidai siffar takobin, a shimfiɗa fatar tunkiya ko ta wata dabba a ciki, gashin yana fuskantar ƙarfen, a haɗe su, a rufe da fata ko ƙyalle. A baki akan sa zoben ƙarfe, a gindi a sa wata 'yar hula ta tagulla ko azurfa don kada tsini ya huda, a gefe kuma a sa maɗauri inda hamila za ta bi. Gashin nan yana da aiki biyu: yana riƙe takobin kada ya zame ya faɗi, maiƙonsa kuma yana hana tsatsa. Amma wane kauri za a bar katakon? Ina gashin zai kwanta? A wane wuri za a sa maɗaurin don takobin ya rataya daidai, mutum ya iya gudu ko hawan doki bai harɗe shi ba? Waɗannan tambayoyi ba mai amsa su yana zaune kan kujera. Sai an yi kuben, an rataya shi, an yini da shi a fili, an zare an mayar sau ɗari. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Bugu da ƙari, ƙasa ba ta ajiye kome cikakke a wuri ɗaya ba. A Illerup ƙarfe ya tsira amma tufafi sun ruɓe. A wata fadama ta arewacin Jamus mai suna Thorsberg, ruwan ya cinye yawancin ƙarfen amma ya bar itace da fata da tufafi. A 2009 kuma an sami wata taska a gundumar Staffordshire ta Ingila, zinariya wajen kilo 5, mafi yawanta adon da aka ɓamɓare daga mariƙin takubba, amma babu takobin ko ɗaya. Mai kwaikwayo na kirki dole ya bi waɗannan duka, ya san wanne ya dace da wanne a zamani da ƙasa, kada ya ɗora mariƙin ƙarni na 7 a kan kuben ƙarni na 3. Dole kuma ya nemi masassaƙi da baduku da maƙerin zinariya, domin ƙarfe ɗaya ba ya amo. In wannan bai zama nazari ba, to ban san abin da ake kira nazari ba.

Dalili na uku, abin da ke cikin gidan tarihi ma ba shi da tabbas. A 1653 an tone kabarin Kilderik, sarkin Farank wanda ya mutu wajen 481, a garin Tournai na ƙasar Beljiyam ta yanzu. An sami adon takobinsa na zinariya da wasu kaya masu yawa. Wani masani, Chifflet, ya sa aka zana su dalla-dalla aka buga a littafi a 1655. A 1831 ɓarayi suka shiga ɗakin ajiya a birnin Faris suka sace taskar, suka narkar da mafi yawan zinariyar, kaɗan aka tsamo daga cikin kogin Sen. Yau da zanen nan da kwafin da aka yi ne ake sanin kamannin abin da ya ɓace. Wuta da yaƙi da ɓarawo ba sa sallama kafin su zo. Abin da aka auna, aka zana, aka kuma koyi yadda ake yinsa, shi ne ba a iya sacewa a dare ɗaya.

Yanzu bari in juya ga masu suka, don ba daidai ba ne in faɗi nawa in toshe kunne. Na farko suna cewa takobi kayan kisa ne, yaya za a mai da shi abin sha'awa? Wannan magana tana da nauyi, domin mutanen da aka zuba makamansu a tafkin Illerup ba su koma gida wurin 'ya'yansu ba. Amma ɓoye takobi ba ya share yaƙin da aka riga aka yi. Kuma takubban da ake karawa da su a fili dakusassu ne, an bar bakinsu da kauri, an mulmule tsininsu, ƙungiyoyin kuma suna da dokoki da horo kafin a bar mutum ya shiga fage. Yaron da ya ɗaga garkuwa ya ji nauyinta, ya ga yadda sahu ke rushewa in mutum ɗaya ya ja da baya, ina jin ya fi fahimtar tsananin yaƙi bisa wanda ya haddace shekarun yaƙe-yaƙe don jarrabawa kawai.

Na biyu suna cewa ai mafi yawan abin da ake sayarwa ƙarya ne. A nan kam na yarda da su rabi. Takobin fage da ƙarfen zamani ake yinsa don kada ya karye, sau da yawa ya fi na asali nauyi. Mariƙin na asali gajere ne ƙwarai, yana matse hannu, amma masu saye sukan ce a tsawaita musu don safar hannu ta shiga. Wasu sukan zana ado a kan ƙarfe da ruwan magani su ce murɗaɗɗe ne. Mafi muni, akwai maha'inta da ke sa sabon takobi ya yi tsatsa da gangan su sayar da shi da sunan tsohon kaya. Sai dai laifin na mai ha'inci ne, ba a hana kasuwa ci don akwai mai algus. Ko masana na gaskiya ma sukan yi kuskure. Kwalkwalin Sutton Hoo da Maryon ya harhaɗa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya an ga bai yi daidai ba, aka warware shi aka sake haɗawa a 1971. Kuskuren da aka yi a fili ana iya gyara shi, ƙaryar da aka ɓoye ita ce ke lalata tarihi.

Suka ta uku ita ta fi ba ni tsoro. A zamanin Hitila an ɗauki tarihin waɗannan ƙabilu aka mai da shi hujjar cewa wai jinin Jamusawa ya fi na kowa. A 1935 har wata hukuma aka kafa ƙarƙashin Himmler don ta nemo wa wannan ƙarya shaida a cikin ƙasa, kuma duniya ta ga inda abin ya kai. Har yanzu akan sami 'yan tsiraru masu fakewa da tufafin da don su yaɗa ƙiyayya. Amma abin mamaki, takubban da kansu suna ƙaryata su. Da yawa daga na Illerup a maƙerun daular Rumawa aka yi su, da hatimin maƙeran a jikinsu. Siffar dogon takobin ma tana da dangantaka da na mahayan Rumawa. Jajayen duwatsun nan masu daraja da aka yi wa mariƙin sarakuna ado da su, bincike ya nuna da yawansu daga Indiya da Siri Lanka aka kawo su. Maƙerin da ya bi shaida sosai, dole ya gane cewa kakanninsa sun yi ciniki da aro da koyi da baƙi kamar kowace al'umma. Jahilin tarihi ne ke fahariya da jini.

Saboda haka sharuɗɗan da nake ganin sun wajaba a kan mai wannan sana'a ba su da yawa. Ya zaɓi takobi sananne da aka tono, ya bi awonsa. Inda shaida ta ƙare ya cika da tunaninsa, ya faɗa wa mai saye da ɗan kallo cewa nan ƙiyasi ne. Ya kuma buga hatiminsa da shekara a jikin aikin, don kada bayan ransa wani ya sayar da shi da sunan kayan kabari. Wanda ya cika waɗannan ya cancanci a girmama shi kamar marubucin littafi.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu da takubban Turawa? Akwai ruwanmu. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 kowace shekara, galibi daga garin Solingen na ƙasarsu, a Kano kuma ake sa musu mariƙi a ɗinka musu kube a sayar har ƙasashe masu nisa. Ashe aikin da Turawa ke wahalar farfaɗowa yanzu, kakanninmu sun yi irinsa da yawan gaske. Har gobe muna ganin takobi da hamila da sulke da lifidi a hawan salla. Amma narkar da tama ya riga ya mutu a ƙasar Hausa, maƙeranmu da tsohon ƙarfen mota suke aiki. Tsofaffin da suka ga yadda ake yi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Turawa sai da suka yi wajen shekara dubu da rasa ilmin maƙeransu sannan suka koma suna tambayar tsatsa. Mu kuwa namu masanan wasunsu suna da rai, ana iya zuwa a gaishe su a tambaye su da baki.

'Yan'uwana ɗalibai, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da yawa daga cikinmu in an buga ƙararrawar zuwa ɗakin koyon aikin ƙarfe da katako, sai mu tafi muna jan ƙafa, muna ganin wannan darasin waɗanda ba su iya lissafi ba ne. Wanda ubansa maƙeri ne ko baduku har kunyar faɗa yake ji a ɗakin kwana. Alhali kuwa ga manyan gidajen tarihi na duniya suna neman maƙeri ya warware musu abin da ya gagari masu digiri. Ina ba ƙungiyar tarihi ta makarantarmu shawara, in an tafi hutu kowa ya nemi maƙeri ko baduku na garinsu, ya zauna ya ga yadda ake yin kube tun daga katako har ɗinki, ya rubuta sunan kowane kayan aiki, ya auna, ya zana, mu tara a ɗakin karatu. Wanda ya sami dama ya karɓi zuga-zugi ya taya. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, in ya huce sai a yi ta wahala. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, na kai da na hannu, amin.